Jibril Aminu: gina jami'o'i ya yi, ko ɗaure su?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da Allah ya yi wa Farfesa Jibril Aminu rasuwa a watan Yunin 2025, galibin abin da nake gani ana rubutawa a kansa bai wuce jera muƙamai ba. An haife shi a Song ta jihar Adamawa a 1939, ya gama karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1965, ya yi digirin digirgir a Landan a 1972, ya ƙware a cututtukan zuciya. Sai kuma a ce ya zama babban sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, daga 1975 zuwa 1979, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, ya yi ministan ilimi a gwamnatin Janar Babangida har 1989, ya koma ma'aikatar man fetur, ya yi jakada a Amurka daga 1999 zuwa 2003, sannan ya wakilci Adamawa ta Tsakiya a majalisar dattawa har 2011. Duk wannan gaskiya ne, amma bai gaya mana abin da mutumin ya bari ba. Tsarin da jami'o'inmu suke tafiya a kansa yau, wanda manhaja da yawan ɗaliban da za a ɗauka da albashin malami duk sai an jira abin da Abuja za ta ce, a zamaninsa aka aza harsashinsa, kuma da hannunsa a ciki. Ina so mu tattauna ko wannan tattara iko a wuri guda alheri ya zame wa ilimi, ko kuwa shi ne tushen ciwon da muke kuka da shi.

Baba Modibbo: Wa alaikumus salam Malam Habibu. Allah ya jiƙan Farfesa, ya sa ya huta. Kafin a yanke hukunci, ya kamata yaran zauren nan su san yadda ƙasar take lokacin da aka ba shi NUC. A farkon 1975 jami'o'i shida ne kacal a Nijeriya: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife, Benin da Ahmadu Bello ta Zariya. Ku ƙirga da kanku ku ga guda nawa ke Arewa. A shekarar nan gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in da ke hannun jihohi, ta kuma yanke shawarar buɗe sababbi bakwai a Jos, Maiduguri, Sakkwato, Kano, Ilorin, Kalaba da Fatakwal, wasunsu a matsayin kwalejojin jami'a kafin su tsaya da ƙafafunsu a 1977. Wanda aka ɗora wa rabon kuɗin wannan aiki da tsara shi saurayi ne ɗan shekara 36 da aka ɗauko daga asibitin koyarwa na Ibadan. Babu yadda za a yi a kafa jami'a bakwai a lokaci guda, a wuraren da wasunsu ko isassun gidajen malamai babu, a ce kowace ta yi gaban kanta. Dole a sami hannu ɗaya da zai ce wannan ta fara da likitanci, waccan ta jira, wannan ga kasonta.

Haka zancen shiga jami'a. Kafin a kafa hukumar jarrabawar shiga jami'a, wato JAMB, a 1978, kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, kuma ɗalibi ɗaya mai gata yana iya samun gurbi a wurare uku, ya zaɓi ɗaya, sauran biyun su tashi a banza, alhali ɗan ƙauyen da bai ma san inda ake sayar da fom ba yana zaune a gida. Wanda bai ga wancan zamani ba shi ne zai ɗauka cewa 'yancin jami'a kowa ya amfana da shi.

Dokta Sanusi: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba, sai dai akwai rabin labarin da ba ku taɓo ba, kuma ku kun fi ni saninsa tunda a gabanku aka yi. A 1978 daga NUC sanarwar ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana ta fito, aka ɗaga abincin yini daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ɗalibai suka fito zanga-zanga suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wasu a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, shugabannin jami'o'in biyu suka bar kujerunsu. Abin lura a nan shi ne, ba majalisar wata jami'a ce ta zauna ta duba halin ɗalibanta ta yanke ƙarin ba. Daga sama aka aiko da shi, ya faɗa kan kowa a rana ɗaya, shi ya sa wutar ma ta kama ko'ina a rana ɗaya.

Bayan shekara takwas, Farfesa Aminu yana kujerar minista, aka sake kashe ɗalibai a Zariya a watan Mayun 1986. Kwamitin binciken da Janar Abisoye ya jagoranta ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan malaman da aka ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba, kuma daga nan aka shiga sa wa malamai ido. A 1988 aka kori Dokta Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, daga ƙasar, a shekarar nan kuma aka haramta ƙungiyarmu ta malaman jami'a, wato ASUU, saboda yajin aiki a kan albashi, aka tsare wasu shugabanninta. Wanda ke riƙe da ma'aikatar ilimi a lokacin farfesa ne, tsohon shugaban jami'a, wanda ya san ciki da wajen aikin. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa malamai ciwo. Da soja ne ya yi, da an ce bai sani ba.

Baba Modibbo: Dokta, zancen kwabo 50 a gabana aka yi, kuma har gobe ina ganin an yi ganganci wajen yadda aka tunkari yaran. Amma ka tuna abin da ake ci da wannan kuɗi. Ɗalibi yakan yanki tikiti ya shiga ɗakin cin abinci, da safe shayi da burodi da ƙwai, ranar Lahadi da rana shinkafa da kaza, ga masu wanki suna karɓar zannuwan gado. Kuɗin karatu kuma an riga an soke shi. Ana iya yin haka ga ɗalibai 'yan dubbai a jami'a shida, amma ba a iya yi wa jami'a goma sha uku da ake ta cika su kowace shekara. Lissafi ne bai fita ba, kuma daga baya gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin abincin gaba ɗaya a 1984. Farfesa Aminu ya faɗi abin da lissafi ya nuna, faɗar ce ba ta yi daɗi ba.

Hajiya Rakiya: Ina yi wa kowa sallama. Ni ta ɓangaren asibiti zan shigo, domin a nan na yi aikina. Akwai tambayar da na daɗe ina yi wa kaina game da irin waɗannan mutane: me ƙasa ta samu, me kuma ta rasa, da ta cire likitan zuciya daga gaban marasa lafiya yana tsakiyar ƙarfinsa? A shekarun 1970 ƙwararrun likitocin zuciya 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Da ya zauna a asibitin koyarwa shekara talatin, da likitocin da za su fito daga hannunsa suna da yawa. To amma idan na dubi asibitin koyarwa na Maiduguri, wanda ya fara aiki a zamanin da yake shugabancin jami'ar, ya kuma zama wurin da mutanen Arewa maso Gabas har da na ƙasashe maƙwabta suke zuwa neman magani, sai in ga lissafin ba mai sauƙi ba ne.

Game da tattara iko kuwa, Dokta Sanusi, ina roƙon ka duba fanninmu. Dokar 1985 ce ta ba NUC ikon gindaya mafi ƙarancin abin da kowane kwas zai cika da kuma tantance kwasa-kwasan, kuma a ƙarshen zamansa na minista, a 1989, aka fitar da waɗannan ƙa'idoji. Idan babu wanda zai zo daga waje ya ƙirga gadaje nawa ke asibitin koyarwa, ƙwararru nawa ke sashen tiyata, ɗalibai nawa ke kewaye da gawa ɗaya a ɗakin koyon sassan jiki, to wace jami'a ce za ta ce da kanta ba ta isa ta yaye likita ba? A ganina wannan tunani ne na mutumin da ya saba da cewa akwai ma'aunin da ba a sassauta shi, domin idan aka sassauta rai ne zai tafi.

Dokta Sanusi: Hajiya, a takarda haka ne, kuma a likitanci kuna da majalisar likitoci da ke nata binciken daban, wanda ya ƙara muku kariya. Bari in gaya miki yadda tantancewar take a wasu sassan, ba tare da na ambaci wuri ba. Ana saura mako biyu baƙi su zo, sai ka ga masu fenti sun cika farfajiya. A aro na'urori daga wata makaranta a jera su a ɗakin gwaje-gwaje, a manna musu lambar sashe. A kira farfesoshi biyu daga jami'ar da ke maƙwabtaka a buɗe musu fayil, a liƙa sunayensu a ƙofar ofisoshin da ba su taɓa zama a ciki ba. Na ga an sauke littattafai daga kwali an shirya su a kanta, ledar jikinsu ko cirewa ba a yi ba, domin mai kantin da ya ba da aronsu ya ce kada a ɓata masa kaya. Baƙi su zo su duba, su cika fom, su tafi, washegari motar ɗaukar kaya ta zo ta kwashe komai.

Ba ina cewa Farfesa Aminu ne ya koyar da wannan ba, ko kusa. Abin da nake cewa shi ne, idan jami'a ta saba cewa alƙalinta yana Abuja, sai ta daina jin kunyar kanta, ta koma neman yadda za ta gamsar da baƙo na kwana uku. Majalisar malamai ta jami'a, wadda a da ita ce ke cewa wannan kwas bai nuna ba, ta zama wurin sa hannu a kan abin da aka aiko.

Injiniya Lawal: Ina ganin muna ɗora wa tsari laifin da na aljihu ne. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, kafin ƙarshen 1989 dala ta haura naira 7. Jami'a kuwa kusan duk abin da take aiki da shi daga waje ake sayowa: mujallun bincike, sinadarai, kayan gyaran na'urori. Malaman da aka ɗauko daga Indiya da Pakistan da Ghana da Ingila, waɗanda su ne suka riƙe sassan kimiyya a sababbin jami'o'in Arewa, suka ga albashinsu ya narke, suka tattara suka tafi, namu ma suka bi bayansu zuwa Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka. Ko wane ne minista a waɗannan shekaru, da wuya ya fita da suna mai kyau a wurin malamai.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba. A 1984 an haɗe wasu jami'o'in fasaha da tsofaffin jami'o'i don rage kashe kuɗi: ta Bauchi ta koma ƙarƙashin Zariya, ta Yola ƙarƙashin Maiduguri, ta Makurɗi ƙarƙashin Jos, ta Abeokuta ƙarƙashin Legas. A 1988, yana minista, aka sake raba su, Makurɗi da Abeokuta suka zama jami'o'in aikin gona. Mu da muka yi karatu a irin waɗannan wurare mun san cewa ba don wannan mataki ba, da wasunsu sun ƙare a matsayin reshe da ba a tunawa da shi sai an gama rabon kasafi.

Dokta Sanusi: Injiniya, misalinka ni ya taimaka wa. Jami'ar da za a haɗe ta da wata da takarda ɗaya, bayan shekara huɗu a raba ta da wata takardar, ba a tambayi malamanta ko garin da take ciki ba, ai ita ce jami'ar da nake cewa ba ta da ikon kanta. Rabawar ta yi kyau, amma hannun da ya raba shi ne irin hannun da ya haɗe. Kuma maganin rashin kuɗin da ka ambata ba daga ma'aikata ya fito ba. Ƙungiyar da aka haramta a 1988 ce ta kawo shawarar harajin ilimi a yarjejeniyarta da gwamnati ta 1992, aka kafa asusun a 1993 da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, wanda ya rikiɗe ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, a 2011. Yau ka shiga kowace jami'ar gwamnati ka karanta allunan da ke jikin sababbin gine-gine, ka ga sunan wa ke kai.

Malama Ummulkhairi: Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in kawo abin da wataƙila za a ce ba na jami'a ba ne, amma ni a wurina shi ne babban abin da ya bari. A zamaninsa aka fara shirin ilimin makiyaya, aka kafa hukumarsa da dokar soja ta 1989, hedikwatarta a Kaduna, daga baya aka shigar da 'ya'yan masunta masu ƙaura. An yi ta sukarsa a lokacin cewa danginsa Fulani yake yi wa aiki. Na koyar a irin wannan makaranta. Allo ne a jingine da kututturen bishiya, yara su zo da sassafe kafin a saki shanu, wasu da sandar kiwo a hannu, a yi awa biyu a tashi. Idan rani ya yi nisa sai ka iso da safe ka tarar an tashi daga rugar, sai shingen ƙaya da tokar murhu. Duk da haka, cikin yaran da suka fara a haka na san waɗanda suka kai kwalejin horon malamai, kuma su ne suka dawo suke koyarwa da Fulfulde.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan ya shafi muhawararmu shi ne tsarin rabon gurbi. Ana ware kashi 45 don cancanta, kashi 35 don yankin da jami'a take, kashi 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimi. To wa zai cike wannan kashi 20 idan yaron bai taɓa shiga aji ɗaya ba? Ina ganin Farfesa ya gane haka, shi ya sa a 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don albashin malaman firamare ya daina maƙalewa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi.

Baba Modibbo: Madalla da wannan bayani, 'yata. Ki ƙara da cewa an rushe wannan hukuma ta firamare a 1991, bayan ya bar ma'aikatar, aka mayar da albashi hannun ƙananan hukumomi, malamai suka koma shafe watanni ba a biya su ba, har sai da aka dawo da ita a 1993. Dokta Sanusi, ga amsarka nan. Duk lokacin da aka saki abu aka ce na ƙasa su riƙe, mun ga yadda ake yi da shi. An gudu daga hannun Abuja an faɗa hannun shugaban ƙaramar hukuma, gudun gara an faɗa gidan zago.

Dokta Sanusi: Baba, shugaban ƙaramar hukuma daban, majalisar malaman jami'a daban. Ban ce a miƙa jami'a ga ɗan siyasa ba, na ce a bar wa waɗanda suka san fannin su yanke abin da ya shafi fanninsu.

Malam Habibu: Kafin mu ci gaba, akwai ɓangaren siyasar da har yanzu ba mu taɓa ba. Ba shi kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, shi ma ɗan Adamawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, ya yi minista a gwamnatin Shagari, ya kuma zauna a majalisar dattawa daga 1999. Abin da ya ba ni mamaki game da Farfesa Aminu shi ne, duk manyan sauye-sauyen da ake danganta masa a ilimi a ƙarƙashin soja ya yi su, lokacin da doka ke fitowa da sa hannun mutum ɗaya. Da ya shiga majalisa ya yi shekara takwas, inda sai an nemi ƙuri'ar abokan aiki kafin a zartar da komai, an fi saninsa da harkokin ƙasashen waje. Shin wannan yana nuna cewa irin gyaransa ba ya yiwuwa sai da ikon soja a baya?

Hajiya Rakiya: Malam Habibu, ina jin akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban faɗe shi don suka ba. Likita idan ya gama bincike ya gano cuta, ba ya kiran taro a kaɗa ƙuri'a a kan magani, rubutawa yake yi. Wannan tarbiyya tana da amfani idan ana son a kafa hukuma cikin wata shida, amma tana sa mutum ya ɗauki mai jayayya da shi a matsayin wanda bai fahimta ba, ba wanda yake da tasa hujjar ba. Malaman jami'a kuwa jayayya ita ce sana'arsu. Ina ganin rikicin 1988 bai rasa nasaba da wannan ba, ko da yake ban manta cewa a gwamnatin soja ba minista ne ke da magana ta ƙarshe ba.

Injiniya Lawal: To yanzu ina aka dosa? A ƙarshen 2022 NUC ta fitar da sabuwar manhaja wadda ita ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. A ƙarshen 2023 kuma gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga tsarin biyan albashi na IPPIS, bayan yajin aikin wata takwas na 2022. Ni dai ina ganin sassauci ne ake yi a hankali.

Dokta Sanusi: Injiniya, ASUU ta soki wannan manhaja tun fitowarta, kuma hujjar ita ce doka ta ba majalisar malamai ta kowace jami'a ikon tsara abin da za a koyar, aikin NUC shi ne ta faɗi mafi ƙarancin abin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Kashi 70 ba mafi ƙaranci ba ne, shi ne kwas ɗin gaba ɗaya. A sashenmu mun zauna mu cike namu kashi 30, sai muka tarar darussan da muka fi ƙwarewa a kansu, waɗanda muka shafe shekaru muna gina su a kan binciken da muka yi a yankinmu, ba duka za su samu wuri ba, dole muka haɗe biyu muka jefar da ɗaya. Baba Modibbo, hujjar da kuka kawo ta jami'a bakwai sababbi fil da ba su da farfesoshi hujja ce mai ƙarfi a 1975. Waɗannan jami'o'i yanzu sun kai shekara hamsin, kowace tana da farfesoshi masu yawa. Ina so ku gaya mana a wace shekara kuke ganin ya kamata a ce sun isa su tsara wa kansu manhaja.

Baba Modibbo: Tsofaffin, Dokta, ban ƙi a sakar musu mara ba tun yau. Amma jami'o'in ƙasar nan yanzu sun haura 250, fiye da rabinsu masu zaman kansu ne, wasu ba su yaye ɗalibi ko sau ɗaya ba. Ka kawo mana ma'aunin da za a raba waɗanda suka isa da waɗanda ba su isa ba, da kuma wanda zai riƙe ma'aunin idan ba NUC ba, sai mu ɗora daga nan.